Ashe Maus Ɗin Bai Lalace Ba

Salamu alaikum, jama'ar arziki. Na ga cigiyarku. Na ga masu cewa Intisar ta yi aure ta ɓoye mana, har da wadda ta rantse sai na turo mata hoton lalle. Allah ya bar zumunci, amma babu lalle a hannuna ko ɗigo. Sati uku na yi ban rubuta komai ba saboda maus ɗin kwamfutata ya daina aiki. A sati na huɗu maus ya tashi, ni kuma na kwanta. Yau na ce bari in amayar muku da abin da ke cikina, ko na samu sauƙi.

Wanda bai san ni ba, ni ce ɗiyar Malam Adam manomi, a wani ƙauye bakin magudanar ruwa, gabas da madatsar Makwar. Na yi difloma a Wad Madani na dawo gida da tsohuwar laftof. Da ita nake buga wa manoma takardu, da ita nake buga jarrabawar makarantar 'yan mata, da ita kuma nake damunku da labarina. Wurin shafa yatsa na jikinta ya mutu tun ranar da Sabah matar yayana ta tuntsurar mata da kofi. Dalilin wannan kofin na je kasuwar Sinnar, dalilinsa na haɗu da Mazin.

Mazin mai gyaran waya da kwamfuta ne, a wani ɗan shago cikin layin shagunan Alhaji Bilyamin. Ya duba laftof ɗin ya ce wurin ya tafi ke nan, sai dai in riƙa amfani da maus. Ya buɗe kwali ya ciro guda biyu iri ɗaya, baƙaƙe, ya ajiye ɗaya ma kansa ya miƙo mini ɗaya.

"Wanga ba shi da waya," in ji shi, "amma yana da ɗan kai."

Ya ciro wani ɗan abu da bai fi farcena ba, ya soka a gefen laftof ɗin.

"Tun daga kamfani anka haɗa su. Ko maus dubu kika jera, wanga kai ba shi jin kiran kowa sai nashi." Ya ɗago ya dube ni. "Fihimti?"

Na fahimta, har na zarce inda ba a aike ni ba. Wata shida bayan nan iyayensa suka zo gidanmu, aka yi gaisuwa, aka sa mini zobe. Shekara uku zoben ya yi a hannuna, har ya yi mini shaida a yatsa.

Baba ya fara gajiya. Farkon watan Sha'aban ina wanke-wanke na jiyo su da Iya a ƙarƙashin rumfa.

"Shekara ukku, Hafsa! Kullum kasuwa ta tsaya, kullum shago na son gyara. In sallar ga ta wuce ba su tsai da rana ba, wallahi a maida musu zobensu."

"Malam, yaron kirki na. Ni na ga idonai."

"Ido ka aure?"

"Bari dai in kai musu moyat Ramadan. In uwatai ta ga mu ba mu gaza ba, kunya ma ta isa ta sa su motsa."

Moyat Ramadan, ruwan azumi ke nan. Uwar yarinyar da aka sa wa zobe ita ke haɗa kayan shan buɗe-baki ta kai gidan surukai kafin a ga wata, da guɗa, kowa a unguwa yana kallo. Shekara biyu Iya tana aika ɗan abin da ya samu a kwando. Bana ta ce cikakke za ta yi, da hannunta, kuma da ƙafarta za ta kai. Baba ya ce ba ruwansa. Iya ta ce ta ji, ruwanta ne.

A satin nan Mazin ya zo. Na yi masa ƙorafin laftof ɗina tana nauyi, ya taho da tasa don ya zuba mini wasu abubuwa. Muka zauna a tabarma, kwamfutoci biyu gefe da gefe, ya cire wannan ya soka wancan cikin sauri. Wayarsa ta yi ƙara sau uku, sau uku yana kife ta. Kisirar da Iya ta kawo masa, wainar dawar nan mai falle-falle, da miyar kuɓewa, loma biyu ya yi ya ce alhamdu lillahi. Kafin la'asar ya tattara kayansa ya tafi. Na raka shi bakin titi ina ta surutu, shi kuma yana ta "tamam, tamam", wato "to, to".

Washegari na kunna laftof, na murza maus, 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta ta tsaya cak. Jar wutar da ke ƙarƙashin maus tana ci, ɗan kai yana nan a soke a wurinsa, amma kibiya ko gezau.

Ku zo ku ga jinya. Na sauya batir. Iya ta ce sabon batir ma sai ya sha rana, ta shanya su a kan murfin randa. Sabah ta ce a gidansu cizawa ake yi, ta ciji ɗaya har ya lotsa. Gwaggo Hasina ƙanwar Baba ta ce duk ba haka ba ne, baki ne ya kama shi, yarinya kullum tana latse-latse mutane suna gani. Ta kawo kasko ta turara shi da turaren tsari, tana juya shi kamar jariri ranar suna. Ni kuwa na kwance shi da wuƙar yanka albasa, na goge cikinsa da auduga, na mayar. Shiru.

Na rubuta wa Mazin a wasap.

"Maus ɗina ya ƙi aiki."

Bayan awa biyar: "Sauya batir."

"Na sauya. Yaushe za ka zo?"

Ya karanta, bai amsa ba. Bayan kwana biyu na sake gwadawa ta wata hanyar, da zancen hilumur, abin shan buɗe-bakinmu na dawa da ake haɗawa cikin moya.

"Iya ta jiƙa dawar hilumur ɗinku."

Ya turo mini babban yatsa. Yatsa ɗaya tal, jama'a. Na zauna ina kallon yatsan nan ina nema masa uzuri: kasuwar azumi ce, aiki ya yi masa yawa, shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta da kyau. An ce shiru ma magana ce, amma mai so kurma ne.

Iya kuwa ta duƙufa. Ta jiƙa dawa ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har ta tsira, ta shanya, aka niƙo, ta kwaɓa da citta da kirfa da kanumfari da tsamiya da zoɓo, ta rufe ya kwana uku yana tashi. Sannan ta kafa doka, faffaɗan ƙarfen nan na gashi, a kan murhun itace. Kwana biyu cur tana zaune a bakinsa, tana shafa ƙullu tana ɗagowa falle-falle, ja wur, ƙamshi har bakin magudana. Idanunta suka kaɗa don hayaƙi. Gefen doka ya lashe ta a wuyan hannu, fatar ta tashi, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Na ce ta bari in karɓe ta.

"Ke matsa. Uwar miji da ɗanɗano ɗaya take gane hannun da yay yi."

Aka haɗa da kuka da tsamiya da zoɓo da dabino, da sababbin kofuna da tuluna na gilashi, aka jera a manyan farantai shida, aka rufe da mayafai masu geza. Aka sa rana: saura kwana biyu azumi, bayan la'asar, mata za su ɗauka a mota a-kori-kura zuwa gidansu Mazin a Sinnar. Yarinya ba ta bin moya, al'ada ce, gida take zama ta jira labari.

Da safiyar ranar na ce wa Iya zan shiga kasuwa a duba mini maus, jarrabawar yara ta matso. Rabin gaskiya ne. Fuskarsa nake son gani. Na sa dogon siket ruwan toka da riga ruwan zuma, na yafa gyalen da ya saya mini da sallar bara, na saci humrar Sabah na shafa a wuya. Maus kuwa na naɗe shi a hankici na sa a jaka, da sababbin batir a cikinsa.

Na same shi a shago cikin farar jallabiya sabuwa dal, ya sha aski, ga wani agogo a hannunsa da ban san shi da shi ba. Da ya gan ni sai da ya ɗan zabura.

"Ahlan... Intisar. Lafiya dai?"

"Sai lafiya take kawo ni?"

"La, la, ba haka ba. Zauna."

Na ce masa maus ne. Ya yi wata 'yar dariya ta samun sauƙi.

"Don wanga kika taho tun daga ƙauye? Ni ma nawa ya mutu tun ranar da na dawo daga wurinku. Na jefa shi shara na ɗauki sabo mai waya. Abubuwan ga ba a gyaransu, ya Intisar, sauyawa aka yi."

"Ni nawa nake so."

"Halas, sai in duba. Bari in amso maki shayi."

Ya fita wurin mai shayi. Na san guduna yake yi, amma na ce ko shayin ma wani abu ne. Laftof ɗinsa tana kan tebur a gefen kanta, fuskarta a dushe. Na kwance hankici, na ajiye maus a kan gilashin kanta, na kunna shi. Hannu ya saba, sai na murza shi haka kawai, irin murzar da nake yi masa kullum ina fatan ya tashi.

Fuskar laftof ɗin Mazin ta kawo haske.

Na ɗauka iska ce ko wani abu na taɓa. Na ja maus hagu, kibiyar kwamfutarsa ta yi hagu. Na ja dama, ta biyo ni. Na leƙa gefenta, ga ɗan baƙin kai nan a soke, kusa da wayar sabon maus ɗinsa. Nan take na gane. Ranar da ya zo yana sauri, musanya su ya yi: ya tafi da kaina, ya bar mini nasa. Sati uku ana shanya batir ana turare, ashe lafiyarsa ƙalau, abokinsa ne ba ya kusa. Dariya ta taso mini, wallahi har na buɗe baki zan ƙwala masa kira in ba shi labari.

Sai idona ya sauka a kan abin da kibiyar take yawo a kai.

Katin gayyata ne, da furanni ruwan zinare, an rubuta da Larabci mai lanƙwasa. Ban damu ba da farko, yana yi wa mutane irinsa. Na karanta layin farko, sunan gidansu ne. Layi na biyu, iyalan Alhaji Bilyamin. Suna gayyatar 'yan'uwa ɗaurin auren ɗansu Mazin. Kibiyar tana tsaye a kan sunan amarya ta rufe harafin farko. Da hannuna, da maus ɗin da ya ba ni, na matsar da ita don in gani da kyau. Hanaa. Rana ta uku ga sallah.

Ban yi ihu ba, ban faɗi ba. Na tsaya a wurin kawai, hannuna a kan maus.

Ya shigo da shayi a ɗan faranti. Ya dubi fuskar kwamfuta, ya dubi hannuna a kan maus, ya dube ni. Shi mai gyara ne, bai buƙaci bayani ba.

"Intisar, asma'i..."

"Da Hausa za ka faɗa mini."

Ya ajiye shayin, rabi ya zube.

"Alhaji ya ce shagon ga ya zama nawa in na auri ɗiyatai. Hajiyata ta amsa tun watan jiya. Na so in hwaɗa maki bayan azumi, wallahi, ban so in ɓata maki azumi ba."

"Bayan azumi? Rana ta nawa? Ta biyu ga sallah?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na rubuta maka Iya ta jiƙa dawa. Ka turo mini yatsa."

"Ban san mi zan ce ba."

"Ka san yau za a kai moya gidanku?"

Ya ɗago a firgice. "Yau?"

Na manta da shi, na manta da Hanaa, Iya kawai nake gani da tsumma a wuyan hannu. Na zagaya kanta na fizge ɗan kan daga jikin kwamfutarsa. Ya ce malesh, in yi haƙuri, ya ce in tsaya, ya ce abubuwa da yawa da Larabci. Na zare zoben da ƙyar na jefa cikin ragowar shayin, na fita.

Na kira Iya, wayarta a kashe, kwana biyu ba mu da wuta. Na kira Sabah. Ta ɗauka cikin hayaniya da tafi.

"Amarya! Ai mun taho tun ɗazu, mai mota ya ce la'asar yana da lodin albasa. Ga mu bisa madatsa!"

"Sabah, ku tsaya! Ki ce ma Iya..."

"Mi? Ba ni jin ki! Iya na waƙa!"

Shabaka ta ɗauke. Na sake kira sau bakwai, ba ta shiga. Na tare raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, na ce wa mai ita ya yi ta gudu. Ya biyo ta kasuwar kayan miya, muka tarar da cunkoson masu sayayyar azumi, jakuna da kura da motoci an cakuɗe. Na sauka na kama hanya da ƙafa, gyale a hannu, maus a dunƙule a ɗaya hannun.

Tun daga kan kwana na jiyo guɗa. Na san muryar, ta Iya ce, ita ke ja sauran suna amsawa. Rabon da in ji ta yi guɗa haka tun auren yayana. Na karyo kwana na hango su a jere, mata shida da farantai a ka, yaran unguwa da matan maƙwabta sun fito kallo. Iya tana gaba cikin tob ɗinta, mayafin naɗawa shuɗi mai zare-zaren azurfa, wanda ba ta fito da shi sai da dalili. Ta riga ta sa ƙafa a cikin ƙofar.

Guɗar ta yanke a tsakiya.

Na kutsa na tsaya a bayanta. A tsakar gidan, a kan gadaje biyu da tabarmi, ga wata moyar, ta gidan Alhaji Bilyamin, an riga an baje. Farantai sun fi ashirin, an ɗaure su da jan ƙyalle, ga kwalaye, ga babbar kula, ga injin markaɗe a cikin ledarsa. Hajiya Nur mahaifiyar Mazin tana tsaye a tsakiya da kofi a hannu, tana nuna wa ƙawayenta. Ta ga Iya, kofin ya tsaya a iska.

"Hafsa... itfaddalu, ku shigo ku sha ruwa."

Gwaggo Hasina ta ja numfashi za ta fara, Iya ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "Hasina, kame bakinki." Ta daɗe tana kallon farantan nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo a hankali, don kada na kanta ya karkace, ta gan ni.

"Ke mi kika zo yi? Ɗiya ba ta biyo moya."

Ta dubi fuskata, ta dubi yatsana da babu zobe, ta dubi abin da na dunƙule.

"An gyara maki abin naki?"

"Bai lalace ba, Iya. Kai na anka musanya."

"Kin amso naki?"

"Na amso."

"Madalla. Mu tahi gida."

Ba ta sauke farantin nan ba, ko sau ɗaya bai taɓa ƙasar gidan ba. Ta ratsa ta cikin 'yan kallo kai a miƙe, sauran mata suka bi ta. Sai da muka hau mota ta sauke farantin a kan cinyarta.

A gida Baba yana zaune a rumfa. Ya ga farantai sun dawo a rufe, ya ajiye carbi. Na ɗauka zai ce ai na faɗa. Iya ce ta riga shi. Ta durƙusa a gabansa, mace mai furfura, ta ce, "Malam, kai ka yi gaskiya. Ni na ja ɗiyarka cikin kunya." Wannan maganar ta fi katin yi mini ciwo. Na shige ɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, na kwana huɗu ba na ko leƙa ƙofa. Ina son Mazin, ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu in waya ta yi ƙara sai na duba ko shi ne. Son maso wani ƙoshin wahala, na ƙoshi har wuya.

Hilumur bai yi asara ba. Mazan ƙauyenmu a bakin titi suke buɗe baki, su shimfiɗa tabarmi su tare motoci, matafiyi ba ya wucewa sai ya sauka ya sha. Baba da kansa yake ɗaukar tulunan gilashin nan yana kaiwa kullum. Jiya ya dawo ya ce wani direban babbar mota daga Dindir ya sha kofi uku, ya ce a gaishe da hannun da ya yi wannan. Iya ta ce, "Ina amsawa," ta ci gaba da kwasar tuwo. Ni dai na ƙi sha.

Yau da la'asar wuta ta dawo. Na cire ɗan kan Mazin daga laftof ɗina na soka nawa, na murza maus, kibiya ta tashi kamar ba ita ba. Ina buɗe shafina na tarar da saƙo daga wadda ba mu taɓa magana ba.

"Salam. Ni ce Hanaa. An ce wasu mata sun kawo moya gidansu Mazin sun koma da ita. Na tambaye shi ya ce kuskuren gida ne. Na ga hotonki a kwamfutarsa. Don Allah ki gaya mini gaskiya, wace ce ke?"

Ina zaune a gaban saƙon har aka kira magariba. Iya ta shigo da kofi cike da hilumur mai sanyi ta dangwara a gabana.

"Sha. Ni na yi shi, ba shi ba."

Na sha, hawaye na zuba a ciki. Ta tambayi abin da nake kallo, na karanta mata, na fassara. Na ce, "Iya, in share, ko? Ba ruwana da ita."

Ta shafa tabon wuyan hannunta.

"Ban ce ki amsa ba, ban ce ki share ba," in ji ta. "Amma ita ma uwatta ta zauna bakin doka."

Ta ɗauki kofin ta fita. Maus yana aiki lafiya lau, jama'a. Kibiya tana kan wurin amsa tun ɗazu, yatsana ne ya ƙi dannawa.